Tiyatar haɗe gaɓoɓin ƙafa: Motsin da dunduniya ke rasawa da wanda ke saura

Idan likitan ƙashi ya shaida wa majiyyaci cewa za a haɗe masa gaɓa a ƙafa, tambayar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce ko zai ci gaba da tafiya kamar da. Amsar ta dogara ne da gaɓar da za a haɗe. A sashen dunduniya akwai gaɓoɓi uku da ke aiki tare, kuma kowace da matsayinta. Akwai wadda idan an haɗe ta, sauran biyun za su ci gaba da motsi daidai gwargwado. Akwai kuma wadda da zarar an kulle ta, to kusan dukkansu aka kulle.

Sanin wannan bambanci yana da amfani ga 'yan Najeriya da dama: wanda ya faɗo daga saman gini ya dira a kan dunduniya, da wanda ya samu karaya a hatsarin babur, da wanda cutar shan-inna ta karkatar wa ƙafa tun yana yaro. Irin waɗannan marasa lafiya ne ake yawan ba wa shawarar wannan tiyata a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da kuma Enugu. Gaɓar da aka haɗe ba ta komawa yadda take, don haka kafin a shiga ɗakin tiyata ne ya kamata mutum ya san abin da zai samu da abin da zai sadaukar.

Yadda sashen dunduniya yake

Daga idon sawu zuwa yatsu, ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26. Likitoci sun kasa su gida uku: sashen gaba mai ɗauke da yatsu da dogayen ƙasusuwan da ke bayansu, da sashen tsakiya, da sashen baya, wato sashen dunduniya.

Ƙasusuwa biyu ne a sashen dunduniya. Na ƙasa shi ne ƙashin dunduniya, wanda ya fi kowane ƙashi a tafin ƙafa girma. A kansa wani ƙashi yake zaune, wanda ake kira talus, kuma shi ne ke karɓar nauyin jiki daga ƙwauri ya rarraba shi. Babu tsokar da ta maƙale a jikin talus, kuma fiye da rabin bayansa guringuntsi ne, saboda ta kowane ɓangare yana gogayya da wani ƙashi. A gaban waɗannan biyu akwai ƙananan ƙasusuwa biyu na sashen tsakiya: nabikula, mai siffar kwalekwale, ta gefen babban yatsa, da kuboyid, mai siffar ɗan akwati, ta gefen ƙaramin yatsa.

Inda waɗannan ƙasusuwa huɗu suka haɗu ne aka samu gaɓoɓin nan uku. Domin sauƙin fahimta, za a kira su da wuraren da suke. Gaɓar ƙasa ita ce tsakanin talus da ƙashin dunduniya, a ƙarƙashin idon sawu. Gaɓar ciki ita ce tsakanin talus da nabikula. Gaɓar waje kuwa ita ce tsakanin ƙashin dunduniya da kuboyid.

Gaɓar idon sawu ba ta cikin waɗannan uku, kuma a nan mutane da yawa ke samun ruɗani. Ita tana sama, tsakanin ƙasusuwan ƙwauri da talus, kuma aikinta ɗaga ƙafa sama da sauke ta ƙasa, irin motsin da direba ke yi idan yana taka totur. Gaɓoɓin dunduniya su ne ke karkata tafin ƙafa ciki da waje.

Aikin da suke yi a kowane taku

Duk taku ɗaya da mutum ya yi, ƙafarsa tana yin aiki biyu da suka saɓa wa juna. Lokacin da dunduniya ta taɓa ƙasa, tana ɗan karkata waje, sai gaɓar ciki da ta waje su saki, tafin ƙafa ya yi laushi. Da wannan laushi ne ƙafa ke shanye ƙarfin dira, ta kuma daidaita kanta da tsakuwa ko rami ko gangara. Da zarar jiki ya wuce gaba, dunduniya ta fara ɗagawa, sai ta karkata ciki, gaɓoɓin biyu su ɗaure, tafin ƙafa ya sandare domin ya iya tura jiki gaba.

Akwai wata jijiya mai muhimmanci a wannan aiki. Tana saukowa ne daga wata tsoka a bayan ƙwauri, ta zagaya ta bayan idon sawu na ciki, ta maƙale a ƙashin nabikula. Ita ce ke jawo dunduniya ciki, ita ce kuma ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa. Idan ta lalace, tafin ƙafa yakan baje a hankali, dunduniya ta kauce waje, kuma wannan na cikin dalilan da ke kai manya ga tiyatar haɗe gaɓa.

Abin da ake yi a tiyatar

Likita yana buɗe gaɓar, ya kankare sauran guringuntsin da ke fuskar ƙasusuwan biyu har ya isa lafiyayyen ƙashi mai jini, ya daidaita su yadda ya kamata su zauna, sannan ya matse su da kusoshin ƙarfe masu zare ko da farantin ƙarfe. Wani lokaci akan ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugu ko ƙwauri a cike giɓi. Daga nan jiki ne ke ƙarasa aikin, domin yana ɗaukar wurin tamkar karaya, ya ɗinke ƙasusuwan biyu su zama ɗaya. Hikimar ita ce, ciwon gaɓar da ta lalace daga gogayyar ƙashi da ƙashi yake fitowa, kuma idan motsi ya tsaya gogayya ta ƙare.

Wannan dabara tsohuwa ce. Wani likita mai suna Eduard Albert da ya yi aiki a ƙasar Ostiriya ne ya fara bayyana ta a ƙarshen ƙarni na 19, domin ƙarfafa ƙafafun da suka shanye. A shekarar 1923 wani likitan Amurka, Edwin Ryerson, ya bayyana hanyar haɗe gaɓoɓin dunduniya uku a lokaci guda. A wancan zamani galibin waɗanda ake yi wa ita yara ne da matasa da shan-inna ta nakasa.

A yau dalilan sun faɗaɗa. Akwai amosanin gaɓɓai da ke biyo bayan karaya, musamman karayar ƙashin dunduniya, wadda a mafi yawan lokuta tsagarta ke shiga cikin gaɓar ƙasa. Akwai amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, da bajewar tafin ƙafa da ta sandare, da murɗaɗɗiyar ƙafa ta haihuwa da ba a gyara tun da wuri ba. A Najeriya har yanzu shan-inna tana cikin lissafi. Duk da cewa a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin nau'in ƙwayar cutar, shekara huɗu bayan samun masu ɗauke da ita na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da nakasar da ta bar musu.

Abin da gwaji ya nuna

Shekaru da dama likitoci sun san cewa haɗe gaɓa ɗaya yana shafar maƙwabtanta, amma auna yawan abin da ake rasawa yana da wuya a jikin mai rai. A shekarar 1997 wasu masu bincike a asibitin ƙashi na Hospital for Special Surgery da ke birnin New York, cikinsu har da Astion da Deland, suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Journal of Bone and Joint Surgery. Sun yi amfani da ƙafafu goma na gawarwaki da aka tanada domin bincike. Sukan kafe gaɓa ɗaya ko biyu ko duka ukun, kamar yadda tiyata za ta yi, sannan su auna motsin da ya rage a sauran.

Da suka kafe gaɓar waje kaɗai, motsin gaɓar ƙasa bai canza sosai ba. Gaɓar ciki ta riƙe kimanin kashi 67 cikin 100 na motsinta, jijiyar nan mai jawo dunduniya kuma ta riƙe kashi 73 cikin 100 na tazarar da take zamewa.

Da suka kafe gaɓar ƙasa kaɗai, asarar ta ƙaru. Gaɓar ciki ta tsira da kashi 26 cikin 100 na motsinta, gaɓar waje da kashi 56, jijiyar kuma da kashi 46.

Da suka kafe gaɓar ciki kuwa, ko ita kaɗai ko tare da wata, sai motsin sauran gaɓoɓin ya faɗi zuwa kimanin digiri 2 kacal, zamewar jijiyar kuma ta koma kashi 25 cikin 100. Ma'ana, ta fuskar motsi, haɗe gaɓar ciki kaɗai bai yi nisa da haɗe duka ukun ba. Wannan ne ya sa masu binciken suka bayyana ta a matsayin mabuɗin gaɓoɓin uku.

Dalilin yana cikin siffarta. Kan talus dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani kwarmi da nabikula da gaban ƙashin dunduniya da wata jijiya mai kauri suka haɗu suka yi, kamar yadda kan taɓarya ke zama a cikin turmi. Duk lokacin da dunduniya za ta karkata, dole dukan ƙafar ta juya a kewayen wannan kai. Idan aka liƙe nabikula da talus, babu sauran hanyar juyawa, ko da gaɓar ƙasa lafiyarta ƙalau. Gaɓar waje kuwa tun asali motsinta kaɗan ne, shi ya sa rashinta bai cika tsayar da sauran ba.

Akwai abin lura game da waɗannan alƙaluma. An same su ne daga ƙafafun da gaɓoɓinsu ke motsi, alhali mafi yawan waɗanda ke zuwa tiyata gaɓoɓinsu sun riga sun sandare saboda ciwo. Wanda ya yi shekaru yana kaffa-kaffa da ƙafarsa don gudun zafi bai cika jin ya yi babbar asara ba bayan tiyata. Sau da yawa ma tafiyarsa takan fi ta da kyau, saboda yanzu yana iya ɗora nauyinsa a kan ƙafar ba tare da fargaba ba.

Abin da majiyyaci zai gani a rayuwar yau da kullum

Tunda ba a taɓa gaɓar idon sawu ba, ɗaga ƙafa sama da sauke ta yana nan, ko da yake yakan ɗan ragu, domin gaɓar ciki da ta waje suna ba da gudummawa kaɗan a wannan motsi. A kan siminti ko kwalta ko daɓe mai kyau, mutane da yawa suna tafiya ba tare da wani ya lura da bambanci ba.

Bambancin yana fitowa ne a ƙasa marar daidaito. Manomi da ke tsallaka kunya, da mai tafiya a gefen gangara, da mai bin hanyar da ruwa ya zaizaye, za su ji cewa ƙafar ta daina bin yanayin ƙasa da kanta. Aikin da dunduniya ke yi sai ya koma kan idon sawu da gwiwa da ƙugu, abin da ke kawo saurin gajiya. Gudu da tsalle da wasan ƙwallo sukan yi wuya. Dogon tsuguno da hawa tsani da zaman da ake lanƙwasa ƙafa a ƙarƙashin jiki, kamar zaman tahiya a sallah ko durƙuso a coci, suna iya buƙatar a sake musu salo. Ya dace majiyyaci ya faɗa wa likita irin sana'arsa da irin zaman da ya saba yi, domin suna cikin abin da ake dubawa wajen zaɓar gaɓar da za a haɗe.

Takalmi ma yana taimakawa. Takalmi mai rufi, mai ƙasa mai kauri da ta ɗan lanƙwasa gaba da baya, yana mirgina ƙafa daga dunduniya zuwa yatsu, ya rage wa sauran gaɓoɓin wahala. Silifas marar riƙo a baya bai dace da doguwar tafiya ba.

Bayan shekaru masu yawa

Nauyin da gaɓar da aka haɗe ta daina shanyewa yana komawa ne kan gaɓoɓin da ke sama da ita da na gabanta, kuma a hankali yana cin guringuntsinsu. Binciken da ya fi daɗewa yana bibiyar wannan lamari an yi shi ne a Jami'ar Iowa ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Charles Saltzman, aka wallafa a 1999. An bi sawun mutum 57 da aka haɗe wa gaɓoɓi uku a ƙafafu 67, galibinsu saboda shan-inna. An duba su bayan kimanin shekara 25 da tiyata, aka sake duba su bayan kimanin shekara 44.

A dubawa ta biyu, hoton ƙashi ya nuna alamun zaizayewa a dukkan gaɓoɓin idon sawun da aka duba, kuma ciwo da buƙatar sanda sun ƙaru a tsakanin dubawar biyu. Duk da haka, mutum 54 daga cikin 57, wato kashi 95 cikin 100, sun ce sun gamsu da sakamakon tiyatar. Abubuwa biyu ke nan da ya kamata a riƙe tare: maƙwabtan gaɓoɓi suna biyan kuɗin tiyatar a hankali, amma ga mafi yawan waɗanda suka buƙace ta da gaske, ribar ta rinjayi asarar.

Wannan sani ya sauya yadda likitoci ke yanke shawara. A da, haɗe uku ne abin da aka fi yi. Yanzu an fi karkata ga haɗe abin da ya zama dole kawai. Idan gaɓar ƙasa ce kaɗai ta lalace bayan karayar dunduniya, ita kaɗai ake haɗewa, a bar ɗan motsin da ya saura. Idan ana buƙatar gyara bajewar tafin ƙafa mai tsanani, likitoci da dama suna haɗe gaɓar ƙasa da ta ciki ta yanka ɗaya a gefen ciki, su ƙyale gaɓar waje idan lafiyarta ƙalau, domin kauce wa matsalar warkewar fata a gefen waje. Idan kuwa ƙafar ba ta sandare ba tukuna, akwai tiyatar yanka ƙashi a gyara zamansa ko sauya wa jijiya mazauni, waɗanda ba sa kashe gaɓa. Ga yara, akan jinkirta haɗe uku har ƙasusuwan ƙafa su kusa gama girma, wato wajen shekara 10 zuwa 12.

Zaman dunduniya da jinya

Da yake dunduniya ba za ta sake gyara kanta ba, yanayin da aka kafe ta a ranar tiyata shi ne za ta zauna a kai har abada. Likitoci sukan nemi ta ɗan karkata waje da kimanin digiri 5, tafin ƙafa kuma ya zauna daram a ƙasa. Idan aka kafe ta a karkace ciki, nauyi yakan taru a gefen ƙaramin yatsa, ya haifar da kanta da ciwo da yawan gurɗewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa tiyatar ke buƙatar ƙwararren likitan ƙashi.

Bayan tiyata akan sa siminti, a hana taka ƙafar na tsawon mako shida zuwa takwas, sannan a fara takawa a hankali cikin takalmin kariya. Ɗinkewar ƙashi takan ɗauki kimanin wata uku, kumburi kuma yana iya kaiwa shekara kafin ya sauka gaba ɗaya. Gashin ƙashi da motsa jiki ƙarƙashin kulawar ƙwararru suna da muhimmanci, domin a kiyaye motsin idon sawu da ƙarfin tsokar ƙwauri, waɗanda yanzu aikinsu ya ƙaru.

Babbar matsalar da ake gudu ita ce ƙasusuwan su ƙi ɗinkewa, kuma a tiyatar haɗe uku an fi ganin haka a gaɓar ciki. Shan taba sigari yana ƙara wannan haɗari sosai, saboda yana rage jinin da ke isa ƙashi. Haka ma ciwon sukari da ba a daidaita ba, da gaggawar taka ƙafa kafin likita ya ba da izini. Cire siminti a gida, ko kai ƙafar wurin mai ɗori domin ya ja ko ya murza, na iya rusa aikin gaba ɗaya.

Abin da ya kamata a tambayi likita

Wanda aka ba shawarar wannan tiyata yana da haƙƙin neman cikakken bayani. Ya tambayi wace gaɓa ce ta lalace, da wacce za a haɗe, kuma ko gaɓar ciki na cikinsu. Ya tambayi ko akwai hanyar gyara da ba ta kashe gaɓa, da halin da idon sawunsa yake ciki a hoton ƙashi, tunda a kansa nauyi zai koma. Ya tambayi tsawon lokacin da zai yi bai koma bakin aiki ba, domin ya shirya wa iyalinsa. Idan bai gamsu ba, neman ra'ayin likita na biyu abu ne da aka saba a harkar lafiya.

Haka kuma, duk wanda ya faɗo daga sama ko ya yi hatsari, dunduniyarsa ta kumbura har ya kasa takawa, ya je asibiti a ɗauki hoton ƙashi tun a kwanakin farko. Karayar da aka daidaita da wuri tana rage yiwuwar gaɓar ƙasa ta lalace har a kai ga haɗe ta.